Kwamfutar tana Pantami, ni ina Kano

Sana'ata zane ce da buga takardu: katin ɗaurin aure, kalanda, takardar shaidar saukar Alƙur'ani, allon shago, fastar 'yan takara idan kakarsu ta kama, wani lokaci har da haɗa albam na hotunan biki. A Gombe nake, gidana yana Pantami. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka injin buga takarda ne jarina, alhali babban jarin tsofaffin fayiloli ne. Mutum zai kira ka ya ce katin da ka yi wa babbar 'yarsa shi yake so a yi wa ƙanwarta, suna da kwanan wata kawai za a canza. Makarantar Islamiyya za ta ce a sake buga shaidar bara da tambarinta yadda yake. Idan fayil ɗin yana hannunka, aikin minti goma ne. Idan babu shi ka koma zane daga tushe, kuma duk ƙoƙarinka sai an ce maka na da ya fi kyau.

Manyan ayyuka irin kalandar ƙarshen shekara ba a nan nake buga su ba, Kano nake kaiwa, wani sa'in Kaduna. Kuma kamar da gayya, sai ina can ake nemana da tsohon aiki. A da faifan ajiya na waje nake jefawa a jaka, mai cin terabayit biyu, wanda kusan duk abin da na taɓa zanawa yana ciki. Irin wannan faifai a cikinsa akwai faranti mai juyawa da allura mai karatu, ba a yi shi don jijjigar hanyar Dukku zuwa Darazo ba. Duk ramin da mota ta faɗa sai gabana ya faɗi tare da ita. Na duba Google Drive, kyautarsa gigabayit 15 ce, hotunan biki biyu ma ba za ta ɗauke ba. Na kuɗin kuwa biya ne wata-wata ba ranar gamawa, ban da datar da za ta tafi wajen ɗora abin da ya haura terabayit guda. Akwai kuma abin da ya fi wannan tsaya mini a rai. A cikin faifan akwai hotunan matan mutane a wajen kamu da lalle, waɗanda ba don idon kowa aka ɗauka ba. Amana ce, kuma hankalina ya fi kwanciya ta kwana a ɗakina.

Ɗan Addata ne ya kawo mafita, yaron da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi. Ya zo mana hutu, ya hango wata tsohuwar laftof ƙirar Dell a saman durowa, gilashinta ya tsage tuntuni na watsar da ita. Ya jona mata caja, ta tashi. Ya ce, "Kawu, wannan ai lafiyarta lau, fuska kawai ta rasa, kuma aikin uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe fayiloli wasu na ɗauka daga gare ta, ba ya buƙatar fuska. A bar ta a gida a kunne dare da rana da faifan a jikinta, kai kuma ka riƙa shiga kana ɗaukar abin da kake so daga duk inda kake." Na ce in dai zai yiwu to bismillah, amma da sharaɗin duk abin da ya taɓa sai ya nuna mini, don shi hutunsa zai ƙare ya koma Bauchi, ni za a bari da ita.

Na cikin gida bai ci mana lokaci ba. Ya goge Windows ya sa Ubuntu Server 24.04, wani nau'in Linux, wadda kyauta ce, babu hotuna babu linzami, baƙin allo ne kawai da farin rubutu. A kanta ya ɗora Samba, tsohuwar manhajar da Andrew Tridgell ɗan Ostireliya ya fara rubutawa tun 1992, wadda ke sa kwamfutar Windows ta ga foldar da ke kan Linux kamar tata ce. Ya haɗa laftof ɗin da rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, ta kebul maimakon wayfai, ya shiga shafin rautar ya ɗaure mata adireshi guda, 192.168.0.50, don kada ya riƙa canzawa duk sanda aka kashe aka kunna. Na zauna a falo da laftof ɗin aikina na rubuta lambar nan, sai ga ayyukana sun jeru shekara-shekara. Har na fara sa masa albarka, ya ce in dakata tukuna. Adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, miliyoyin gidaje na amfani da irinsa a lokaci guda. Da ka fita daga inda wayfai ɗinka ke kaiwa, ya tashi daga aiki.

Hanyar da akasarin bidiyoyin koyarwa ke nunawa ita ce buɗe ƙofa a rauta. Za ka gaya mata duk wanda ya ƙwanƙwasa lamba kaza daga waje a wuce da shi wajen kwamfuta kaza, sannan ka yi rajistar suna a DuckDNS ko No-IP, wanda zai riƙa bin adireshin gidanka duk sanda ya canza. Yaron ya ce mu gwada don in gani da idona, amma ya ƙi taɓa ƙofar Samba, lamba 445. Ya tuna mini da WannaCry, mugun shirin da ya bi ta wannan ƙofa a watan Mayun 2017 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ya ce akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai zagaya intanet suna murɗa kowace ƙofa ko za su dace. Sai muka gwada da ta SSH, hanyar ba kwamfuta umarni daga nesa, lamba 22, wadda aƙalla da mabuɗi ake shigarta. Muka cike komai daidai, na kashe wayfai a wayata na koma data. Shiru. Ko ƙwanƙwasawar ba ta iso gidan ba.

Ya ce dama ya yi zaton haka. Gwajin da ya nuna mini a nan, duk mai niyyar wannan aiki da shi ya kamata ya fara kafin ya hana kansa barci. Ka shiga shafin rautarka ka duba adireshin da kamfanin layi ya ba ta. Sannan ka buɗe burauza ka tambayi Google adireshin IP ɗinka. Idan lambobin biyu sun zo ɗaya, gidanka yana bakin titi, ana iya samunka. Namu sun sha bamban, rauta na nuna wani da ya fara da 10, Google na nuna wani can daban. Wasu za su ga na rautarsu ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, duk labarin ɗaya ne.

Abin da ya jawo haka ƙarancin adireshi ne. Tsohon tsarin IPv4 duka-duka adireshi biliyan 4.3 gare shi, kuma babban rumbun da ake raba wa nahiyoyi daga cikinsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. A Nijeriya kaɗai layukan waya sun haura miliyan 100 nesa ba kusa ba. Kamfanonin waya ba su da wanda za su ba kowa nasa, sai su tara jama'a da yawa a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna barkatai, lamba ɗaya a ƙofar waje, ga mai gadi a zaune. Idan kai ka aiki yaro waje, mai gadi ya ga fitarsa, zai bar shi ya dawo maka da saƙo. Amma baƙon da ya zo da ƙafarsa ba wanda ya kira shi, a bakin ƙofa zai ƙare. Ƙofar da muka buɗe a rauta ta ɗakinmu ce, ta wajen ba a hannunmu take ba. Wannan ba ƙeta ba ce, kuma ba a nan kaɗai ake yi ba, haka layukan waya suke a yawancin duniya. Ko Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam da ta shigo Nijeriya a Janairun 2023, tsarinta na gida a kan haka yake. Don haka wanda ke shirin sayen kwanon don wannan buƙatar kaɗai, ya sake lissafi.

Muka baje zaɓin da ya rage. Ana iya neman adireshi na kai daga kamfani, amma wannan ciniki ne na bankuna da manyan ofisoshi, ba na mai zanen kati ba. Ana iya hayar ƙaramar kwamfuta a Turai ta zama mahaɗa, biya da dala kowane wata, kuma ita ma sai an riƙa kula da ita. Na ce masa nauyin ɗaya ma ya ishe ni. Sai muka tsaya a kan Tailscale, wanda tsarinsa na mutum ɗaya kyauta ne. Akwai takwaransa ZeroTier mai irin aikinsa, amma wanda yaron ya fi sani shi muka ɗauka.

Tailscale kamfanin Kanada ne, an kafa shi a 2019, ya gina aikinsa a kan WireGuard, manhajar VPN, wato mai buɗe hanya a kulle tsakanin na'urori ta cikin intanet, da Jason Donenfeld ya rubuta, wadda aka shigar cikin ainihin Linux a 2020. Dabarar ta burge ni saboda sauƙinta. Tunda daga waje ba a shigowa, to kowa ya fito. Kwamfutar gida ta leƙa waje ta shaida wa kamfanin ga inda take, wayata ma ta yi haka, shi kuma ya gabatar da su ga juna. Daga nan su biyun za su yi ta aika wa juna saƙo a lokaci guda har hanya ta buɗe, tunda a idon mai gadin kowane ɓangare, na ciki ne ya fara magana. Duk abin da ke wucewa a kulle yake, kuma mabuɗin sirrin kowace na'ura ba ya barin jikinta, kamfanin kansa bai riƙe shi ba.

Sa shi bai kai shan shayi ba. Layi ɗaya yaron ya kwafo daga shafinsu ya manna, ya rubuta sudo tailscale up, sai allon ya fito da wani adireshin yanar gizo. Muka buɗe shi, na shiga da asusuna na Google, shi ke nan kwamfutar ta shiga rajista. Na sauke manhajar a wayata da laftof ɗin aiki, na shiga da asusun nan dai. Kowace na'ura ta samu sabon adireshi mai farawa da 100 wanda ba ya canzawa, ko ina Gombe ko ina Legas. Muka raɗa wa ta gida suna pantami don kada in riƙa haddar lambobi. Na bar yaron a gida na hau babur zuwa shago, na kunna data, na buɗe manhajar duba fayil a waya na rubuta sunan. Ta ɗan yi jim, sai ta nemi kalmar sirri. Na kira shi na ce, "Kai, ta buɗe fa." Ya ce, "To Kawu, sauran tukuici."

A Kano ne na san ainihin halinta. Ina zaune a gidan buga takardu ina jiran a fitar da faranti, ƙarar inji ta cika ɗaki, sai ga kiran shugaban wata Islamiyya. "Malam, walimar sauka ta matso, shaidar nan ta bara muke so, zan turo maka sunayen ɗalibai yanzu." Na ce masa kafin la'asar in Allah Ya yarda. Na jona laftof da datar wayata na shiga foldar makarantar. A gida wannan folda ƙiftawar ido take buɗewa. A nan sai ƙananan hotunan fayilolin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana roƙonsu. Ashe don Windows ta nuna maka ɗan hoton nan sai ta karanto fayil ɗin, wato tana ɗebo kaya daga Gombe don kawai in ga fuskarsu. Na mayar da foldar zuwa jerin sunaye zalla, nan take ta saki. Tun daga ranar, suna nake ba aiki mai faɗin kansa: shekara, mai aiki, irin aiki. Fayil mai suna "sabo na ƙarshe 2" ba ya amfanar wanda ke nesa.

Buɗe fayil kai tsaye daga can ma ba dabara ba ce. An tsara irin wannan rabon folda ne don kwamfutocin da ke ɗaki ɗaya, inda tambaya da amsa ba sa ɗaukar lokaci, shi ya sa take yawan kai da komo a kan ƙaramin abu. Idan kowace tambaya sai ta je Gombe ta dawo, CorelDRAW zai tsaya yana jira, kuma idan sabis ya yanke kana tsakiyar adanawa, fayil ɗin na iya lalacewa. Abin da nake yi shi ne in kwafo shi zuwa laftof, in yi aikina, in mayar da shi da sabon suna. Manyan kaya kuwa da manhajar kwafe fayil ta WinSCP nake jan su, saboda idan hanya ta yanke yakan ajiye abin da ya samu, ya ɗora daga inda ya tsaya. Wanda ya taɓa ganin kwafi ya kai kashi 90 ya koma sifili ya san darajar wannan.

Shaidar ta sauko, na buɗe, sai na tarar rubutun ya rikice. Salon harafin da aka yi ta da shi yana kan kwamfutar shago, babu shi a laftof. Masu irin aikinmu sun san wannan ciwo, don ba kowane salon rubutu ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, balle na Larabcin da muke sa bisimilla da aya. Allah Ya taimake ni akwai kwafinsu a wata tsohuwar folda a faifan, na jawo. Yanzu folda guda na ware musu, kuma duk aikin da na gama sai na ajiye PDF ɗinsa a gefe, rubutun a mayar da shi zane. Kafin a kira la'asar na tura wa yaron shagona, ya buga a Gombe.

Maganar gudu kuwa, kada wanda ya ruɗe ka da lambar da kamfani ke talla. Wannan ta saukewa ce. Abin da kake saukewa a Kano, gida ne ke ɗora shi, kuma a layin waya ɗorawa ta fi saukewa rauni sosai. Idan rautar gida na ɗora megabit 5 a daƙiƙa, katin biki mai megabayit 40 zai iso cikin minti guda da 'yan kai, gigabayit guda kuma sai ya ci wajen minti 27. Da daddare bayan isha, lokacin da duk unguwa ke kallon bidiyo, ko hakan ba ka samu. Sannan wani lokaci na'urorin biyu ba sa iya samun juna kai tsaye, musamman idan dukkansu a bayan CGNAT suke, sai saƙon ya bi ta wata tashar kamfanin a wata ƙasa kafin ya dawo. A kulle yake wucewa, amma tafiyar ta ƙaru. Idan na rubuta tailscale ping pantami, amsar kan nuna mini: in na ga kalmar DERP to ta tasha ake bi, in na ga adireshi to kai tsaye ne. Ranar da ake bi ta tasha ba na taɓa bidiyo, kati da takardu kawai. Kuma kowane gigabayit sau biyu ake biyansa, layin gida ya biya na fitarsa, na hannunka ya biya na shigarsa. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, sai na duba nauyin fayil kafin in taɓa shi.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan wanda ya biyo baya, wato yadda kwamfuta za ta rayu a gidan da maigidan ba ya nan. A nan mafi yawan aikin yake, kuma bidiyoyin Turawa ba sa ko ambatonsa, don su ba a ɗauke musu wuta. Ni na yi sa'a ina da 'yar sola, wadda na haɗa a 2024 lokacin da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin wuta da ya taso daga Jos, Gombe da maƙwabtanta suka yi makonni cikin duhu. Laftof da rauta tare ba su wuce wat 20 ba, kusan rabin yunit ke nan a kwana guda, ƙaramin batir ma zai riƙe su. Wannan ne ya sa tsohuwar laftof ta fi babbar kwamfutar tebur dacewa da mu: ba ta da ci, kuma batirinta na jikinta, ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci ba ta ma sani. Rautar kuma na saya mata ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kasuwa, don ita da an yi ƙyaftawar wuta sai ta mutu ta sake tashi.

Kafin yaron ya koma ya gyara wasu ƙananan abubuwa da ban ga muhimmancinsu ba sai daga baya. Laftof idan an rufe murfinta barci take yi, sai ya shiga fayil ɗin logind.conf ya rubuta HandleLidSwitch=ignore. Ya shiga BIOS, saitin da ke jikin kwamfutar kanta, ya kunna Wake on AC, yadda ko batir ya ƙare ta mutu, da wuta ta dawo za ta tashi da kanta ba sai an danna mata komai ba. Ba kowace laftof ke da wannan ba, wanda zai sayi ta hannu don wannan aiki ya duba tun a shago. Sai kalma guda da ya ƙara a fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za a haɗa wajen tashi, nofail. Idan babu ita, ranar da kebul ɗin faifai ya ɗan saki, Linux za ta tsaya a tsakiyar tashi tana jiran faifan, ba ta kai ga hawa intanet ba, kai kuma kana wani gari ba ka da hanyar tambayarta abin da ke damunta. Da kalmar, za ta tashi ko babu faifan, ka shiga ka ga matsalar.

Wata rana ina Kaduna na nemi pantami na rasa. Shafin Tailscale yana nuna lokacin da aka ga kowace na'ura na ƙarshe, ya nuna tun hantsi ta ɓace. Na duba datar layin rautar ta manhajar kamfani, akwai saura. Na kira uwargida na ce ta leƙa ɗakin. Ta ce, "Abbansu, rautar dai fitilunta na ci, amma kwamfutar taka shiru take, ko ɗumi babu." Na ce ta bi wayar caja da hannu har bango. Sai na ji ta yi salati tana dariya. Yara sun zare cajar sun jona fitilarsu ta caji, batir ya yi iya yinsa ya ƙare. Ta mayar, ba ta danna komai ba, kafin mu gama gaisawa sunan ya dawo kore a wayata. Da na dawo na naɗe filogin da salatif, na rubuta a bango da babban baƙi kada a taɓa. Yanzu idan ta ɓace na san jerin tambayoyina: data, sai wuta, sai rauta. Lambar layin rautar tana cikin wayata, in ta ƙare daga manhajar banki nake saya mata. Rautar kuma tana da wurin da ake sa ta kashe kanta ta kunna, na sa mata kafin asuba kullum, don irinsu idan suka daɗe a kunne sukan sandare.

Zafi da ƙura su ma abokan gaba ne. A Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke kai maki 40, ɗakin da aka rufe tanda ne. Na ɗora laftof ɗin a kan ragar ƙarfe yadda iska ke bi ta ƙasanta, nesa da taga, faifan kuma a gefe ba a kanta ba. Akwai umarnin smartctl da ke faɗin zafin faifai da lafiyarsa, ba na so in ga ya doshi 50. Da hunturu kuwa ƙura ke toshe fankar, sai na kai wa masu gyaran waya su hure ta. Batirin da ke kan caji kullum cikin zafi yana iya kumbura, don haka nakan ɗaga ta in duba ko cikinta ya fara tasowa.

Ta fuskar tsaro, ƙofa ta koma asusun Google ɗina, duk wanda ya same shi ya samu gidan. Na sa masa tabbaci mai hawa biyu. Idan waya ta ɓata, abu na farko shi ne in shiga shafin in cire ta daga jerin na'urori. Ba na sa manhajar a kwamfutar kowa, ko ta gidan buga takardu ko ta kafe, komai gaggawa. In sauke a tawa in ba su a filash ya fi mini. Tailscale yana sa kowace na'ura ta sake shiga bayan kwana 180, abu mai kyau ga waya, amma ga kwamfutar da ke kulle a ɗaki ba kowa a gabanta, ranar da wa'adin ya cika sai dai ka ga ta ɓace. Yaron ya kashe mata wannan tun ranar farko, ya bar shi a kan sauran.

Yaron shagona ya so in ba shi hanya shi ma. "Oga, ai da sai in riƙa ɗauka da kaina ba sai na dame ka ba." Gaskiyarsa ce, na ba shi, amma da sunansa da kalmar sirrinsa daban, a foldar kati da kalanda kaɗai, kuma karatu kawai, ba ya iya gogewa ko canzawa. Foldar hotunan biki ko ganinta ba ya yi. Ba don na zarge shi ba, wayar matashi hannu da yawa take bi. Gogewar ma tana da nata haɗarin, don abin da ka goge a folda ta nesa ba ya zuwa kwandon shara na Windows, tafiya yake yi gaba ɗaya. Samba tana da nata kwandon amma sai an kunna shi, mun kunna.

Faifai guda da ke juyawa dare da rana wata rana zai gaji, kuma shiga daga nesa ba ya hana hakan. Na sayi na biyu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan jona shi, in rubuta umarnin rsync da yaron ya rubuta mini a bayan wani kati, ya kwafe abin da ya ƙaru a makon kaɗai, in zare shi in kai shago in kulle a durowa. Shi yaron so yake a sa wata tsohuwar kwamfutar a gidan Adda a Bauchi, ta riƙa jan kwafi da kanta kowane dare ta hanyar nan dai. Na lissafa datar gida biyu a watan da aka yi bukukuwa da yawa, na ce masa ya bari ya gama jarrabawa tukuna mu zauna.